BABI NA HUƊU: KWATANTA JIGON ABOTA DA JIGON GASA A WASU GAJERUN LABARAN HAUSA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan zubi da tsarin gajeren labari, aka kuma nuna yadda ya bambanta da dogon ƙagaggen labari ta fuskar yawan taurari da faɗin fage. A wannan babi kuwa za a mayar da hankali ne a kan jigo. Abin da ake nufi da jigo a nan shi ne saƙon da labari yake ɗauke da shi, wato manufar da ta sa mai labari ya buɗe baki ko ya ɗauki alƙalami. An zaɓi jigogi biyu waɗanda suke yawan fitowa a gajerun labaran Hausa na baka da rubutattu, wato abota da gasa, domin a kwatanta su.

Dalilin wannan zaɓi shi ne, sau da yawa akan ɗauka cewa jigogin nan biyu kishiyoyin juna ne. Akan ce labarin abota yabon zumunci yake yi, labarin gasa kuma gargaɗi yake yi game da hassada da son kai. Da wannan fahimta ake koyar da yara labaran a makarantu, da ita kuma suke amsa tambayoyin jarrabawa. To amma idan aka bi labaran ɗaya bayan ɗaya za a ga al'amarin bai tsaya nan ba. Labaran abota da aka duba a wannan nazari da hasara suka ƙare, alhali kuwa gasar da aka yi a bainar jama'a ta ƙare ba tare da an cuci kowa ba. Saboda haka babin zai yi ƙoƙarin nuna cewa abin da labaran suke aunawa shi ne ko tauraro ya fito da nufinsa fili, ko kuwa ya ɓoye shi a ciki.

4.1 Abota da Gasa a Harshe da Al'adar Bahaushe

Kafin a shiga cikin labaran, yana da kyau a dubi yadda Bahaushe yake amfani da kalmar aboki. Asalin ma'anarta shi ne wanda ake tarayya da shi a kan wani abu. Wannan ya sa ake cewa abokin tafiya da abokin ciniki da abokin aiki da abokin shawara. Abin lura a nan shi ne, da wannan kalma ɗin dai Bahaushe yake kiran wanda yake jayayya da shi. Yakan ce abokin hamayya da abokin takara da abokin karawa, har ma da abokin gaba. Haka kuma idan mace tana son ta sakaya sunan kishiyarta sai ta ce abokiyar zamana. Ke nan a tunanin Bahaushe wanda ake gasa da shi ma wani irin aboki ne, domin ba a yin gasa sai da wanda aka haɗa fage da shi.

A al'adance ma haka abin yake. Akwai wasan barkwanci tsakanin taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, da tsakanin jika da kaka. Akwai shi tsakanin Katsinawa da Gobirawa, da Kanawa da Zagezagi, da Fulani da Barebari. Kowane ɓangare yana da'awar shi ne ubangijin ɗayan, ana gugar zana a gaban mutane, amma wannan jayayya ita ce take ƙara danƙon zumunci. A fagen dambe da kokawa ma ana karawa ne a tsakiyar da'ira, ga makaɗa ga masu rabo ga 'yan kallo, idan an yi kisa ko kaye sai a watse. A ɗaya ɓangaren kuma Bahaushe yana da matakin abota da ya fi kowane, wato aminci. Amini shi ne wanda aka ba amana, wanda ba a ɓoye masa komai, shi ya sa ake cewa abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Da wannan ma'auni na ɓoyewa da bayyanawa za a auna labaran da ke tafe.

4.2 Labaran da Aka Zaɓa

An ɗauko labaran wannan nazari daga tushe biyu. Na farko shi ne Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya rasu a 1981. Ya rubuta littafin a Zariya a 1936, aka buga shi kashi uku tsakanin 1937 da 1939. Daga littafi na ɗaya an ɗauki labarin Kyanwa da Ɓera da kuma labarin Jaki da Sa. Za a kuma dubi uwar labarin littafi na ɗaya da na biyu, wato babban labarin da aka rataya ƙananan a jikinsa.

Tushe na biyu shi ne tatsuniya, wadda ita ce gajeren labarin Bahaushe tun kafin zuwan boko. An daɗe ana tattara ta a rubuce. Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa kashi uku tsakanin 1911 da 1913. R. S. Rattray ya fitar da nasa a 1913, daga abin da wani malami mai suna Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar Gwalkwas, wadda ta zama Ghana a 1957. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni domin makarantu. Daga wannan rumbu an ɗauki tatsuniyar Gizo da Hankaki, da ta 'Ya'yan Sarki Uku, da ta Gizo da Giwa da Dorina, da ta Ruwan Bagaja. Da yake tatsuniya tana sauyawa daga baki zuwa baki, za a kawo ƙashin bayan kowace ne kawai.

4.3 Jigon Abota

4.3.1 Kyanwa da Ɓera

Wannan labari yana da takwara a cikin tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwa Grimm suka fara bugawa a 1812. Kyanwa ta nemi ɓera da abota har ya yarda suka zauna tare, suka tanadi abinci suka ɓoye domin lokacin wuya. Da kwaɗayi ya taso wa kyanwa sai ta ce an gayyace ta suna, ta zagaya ta taɓa ajiyar. Haka ta riƙa yi har abin ya ƙare. Da lokacin bukata ya zo suka je suka tarar da wayam, ɓera ya gane abin da ya faru, ya buɗe baki zai yi magana, kyanwa ta cafke shi.

Idan aka duba za a ga cewa babban jigon labarin shi ne cin amana. Akwai kuma ƙaramin jigo da ya fi wannan zurfi, wato abota tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi. Ɓera abincin kyanwa ne tun asali, kuma zaman tare bai sauya wannan ba. Bahaushe ya ce sabo da kaza ba ya hana a yanka ta. Abu na biyu, tun ranar da aka yi ajiya aka fara gasa a kanta, sai dai ɗaya daga cikin masu gasar bai san ana yi ba. Kyanwa tana ci, ɓera yana tsaron gida yana yi mata barka da suna. Abu na uku, abin da ta fake da shi al'ada ce ta zumunci. Zuwa suna haƙƙi ne da ba a hana mutum, don haka ɓera ba shi da bakin hana ta ko tuhumarta. Da rigar zumunci aka yashe shi.

4.3.2 Jaki da Sa

Asalin wannan labari yana cikin Dare Dubu da Ɗaya. Sa yana shan wahalar aiki a gona, jaki kuwa yana hutawa a turke. Da sa ya kai kuka, sai jaki ya ba shi shawara ya yi ƙaryar ciwo, ya ƙi cin abinci. Ashe mai su yana jin maganar dabbobi. Da gari ya waye sa ya kwanta, sai aka kama jaki aka sa shi aikin sa. Jaki ya dawo a galabaice, ya ga shawararsa ta komo kansa. Sai ya ce wa sa ya ji ana cewa idan bai warke ba za a kai shi ga mahauta. Nan take sa ya warke.

Wannan labari ya bambanta da na farko domin babu mugu a cikinsa. Jaki da zuciya ɗaya ya ba da shawarar farko, tausayi ne ya sa shi. Abotar ta tsaya daram muddin taimakon na baki ne. Da nauyin ya sauko a gadon bayansa sai abota ta koma gasar wa zai huta wa zai wahala, kuma jaki bai gaya wa abokinsa cewa an shiga wannan gasa ba. Yana iya cewa, “Abokina, shawarata ta cuce ni, tashi ka karɓi aikinka.” Maimakon haka sai ya tsorata shi, ya kuma bar shi yana godiya, yana ganin an ceci ransa. A nan ma ke nan an lulluɓe gasa da mayafin nasiha. Sai dai hasarar ba ta kai ta ɓera ba, domin jaki da sa kusan ƙarfinsu ɗaya, kuma dukansu a hannun mai gida ɗaya suke.

4.3.3 Gizo da Hankaki

A wannan tatsuniya an yi yunwa, hankaki suna zuwa wata bishiyar ɓaure da ke tsakiyar ruwa suna ci. Gizo ya lallaɓe su har suka yarda su tafi da shi, kowane hankaka ya ciri gashi ɗaya ya ba shi, ya yi fuka-fuki ya tashi tare da su. Da aka isa, duk ɓauren da hankaka ya nufa sai Gizo ya ce nasa ne, shi ya riga gani. Hankaki suka fusata, kowa ya zare gashinsa, suka tashi suka bar shi a kan bishiya, ruwa ya kewaye shi.

A nan marar ƙarfi ne ya ci amanar masu ƙarfi, saɓanin labarin kyanwa. Gizo ba shi da fiffike, da na aro ya tashi. Bahaushe yana cewa ba a abota da biri sandarka ta maƙale a sama, wato amfanin aboki shi ne ya kai ka inda ba ka iya kaiwa. Hankaki sun cika wannan sharaɗi. Gizo kuwa da ya isa sai ya mayar da masu taimakonsa abokan takara a kan abin da su suka nuna masa. Hukuncin da aka yi masa ya dace da laifinsa, domin ba duka aka yi masa ba, abin da aka ara masa kawai aka karɓe. Tatsuniyar tana nuna wa yaro cewa abota aro ce da ake iya janyewa, kuma wanda ya yi gasa da mai riƙe da shi a sama, faɗuwa zai yi.

4.4 Jigon Gasa

4.4.1 'Ya'yan Sarki Uku

Wannan tana cikin tatsuniyoyin da Malam Shaihu ya rubuta wa Rattray. Wani sarki yana da 'ya'ya maza uku, ya tara fadawansa ya ce yana son ya ga wanda ya fi gwaninta a cikinsu. Akwai wata ƙatuwar kuka kusa da ƙofar fada. Babban ya sukwano doki ya soki kukar da mashi, ya bi ta kafar da dokinsa ya fita. Na biyu ya zaburi nasa dokin ya tsallake ta. Autan ya zo ya tumɓuke ta da saiwoyinta ya ɗaga. Daga nan mai tatsuniya ya juya ga masu sauraro ya tambaye su wanda ya fi.

Abubuwa uku ne suka fito a nan. Na farko, an faɗi abin da za a yi tun kafin a fara, kuma kowane ɗa ya san da wa yake karawa. Na biyu, an yi abin a gaban shaidu, kuma kuka ɗaya aka ba kowa. Na uku, babu wanda ya taɓa ɗan'uwansa. Kowa kukar ya nufa, bajintar wani kuma ba ta rage ta wani ba, sai ma ƙara mata armashi da ta yi. Bugu da ƙari, an bar ƙarshen labarin a buɗe. Gasar ta fita daga cikin labari ta koma tsakanin yaran da ke sauraro, wannan ya ce wane ya fi, wancan ya ce a'a, a yi musu a yi dariya a tashi. Ke nan ita kanta tatsuniyar makaranta ce ta koyon jayayya ba tare da gaba ba.

4.4.2 Gizo da Giwa da Dorina

A wannan tatsuniya Gizo ya karɓi abinci wurin giwa da sunan dorina, ya kuma karɓa wurin dorina da sunan giwa, ya yi wa kowace alkawarin doki. Da lokacin biya ya yi sai ya samo doguwar igiya ya ba giwa baki ɗaya a tudu, ya ba dorina ɗaya bakin a ruwa, ya ce wa kowace dokinta ne a ɗaure a can, ta ja. Suka wuni suna ja har suka gaji, kowace tana mamakin ƙarfin wannan doki. Sai daga baya da suka haɗu suka gane juna suke ja.

Ta fuskar siffa wannan gasa ce sosai, domin ga igiya ga masu ja biyu masu ƙarfi daidai. Amma ta rasa dukkan sharuɗɗan da aka gani a labarin kuka. Masu karawar ba su san suna karawa ba, ba su ga juna ba, ba shaida, ba alƙali. Wanda ya ci ribar gasar bai taɓa igiya da niyyar ja ba. Har ila yau giwa da dorina ba su da wata gaba a tsakaninsu, hasali ma don mutunta juna kowace ta ba da abincin da aka roƙa da sunan 'yar'uwarta. Nisan da ke tsakanin tudu da ruwa shi ne tsagar bangon da ƙadangare ya samu ya shiga. Da a ce sun yi magana da juna tun farko, da dabarar Gizo ba ta yi aiki ba.

4.4.3 Ruwan Bagaja

Ana nufin tatsuniyar baka a nan, ba littafin Abubakar Imam mai wannan suna ba. 'Yar bora aka tura wanki a Ruwan Bagaja don a wahalar da ita. Ta yi ladabi ga duk abin da ta gamu da shi a hanya, aka ba ta zaɓi ta ɗauki ƙaramin ƙwai, ta fasa ta sami dukiya. Da mowa ta gani sai ta tura tata 'yar don ta samo fiye da haka. Ita kuwa ta yi rashin kunya, ta zaɓi babban ƙwai, ta komo da masifa.

Wannan ita ce gasar kishi. Mutum ɗaya ne yake yinta, domin 'yar bora ba ta san tana tsere da kowa ba. Kuma ba gwaninta ake son nunawa ba, so ake a shafe abin da wani ya samu. A irin wannan ne ake cewa hassada ga mai rabo taki ce.

4.5 Uwar Labarin Magana Jari Ce

Wani abin sha'awa shi ne yadda Abubakar Imam ya gina littafi na ɗaya a kan abota, na biyu kuma a kan gasa. A littafi na ɗaya, Musa ɗan Sarki Abdurrahman da Mahmudu jikan Sarki sun tashi tare kamar tagwaye. Da yaƙi ya tashi da Sarkin Sinari, Mahmudu ya fita tare da Sarki, aka bar Musa a gida. Ƙaunar Mahmudu ce take sa Musa yunƙurin fita kullum, Waziri kuwa, wanda yake kwaɗayin sarauta, da wannan ƙauna ya fake don ya jawo shi waje a hallaka shi. Aku ne yake tsare shi da labari har lokacin fita ya wuce. Wannan dabara ta tsare mutum da labarin aku tana da asali a tsofaffin littattafan Indiya da Farisa.

A nan an ga abota ta gaskiya, amma an nuna cewa ita ma tana iya zama ƙofar da maƙiyi zai shigo ta ciki. Waziri yana takara da ɗan ubangidansa a ɓoye, yana sanye da rigar biyayya, kamar dai kyanwa da ɓera. Saboda haka labaran abokan ƙarya da aku yake ba Musa ba hira ce kawai ba, hannunka mai sanda ne. Ƙarshen Waziri kuwa shi ne faɗawa ramin da ya gina, aka naɗa aku a matsayinsa.

A littafi na biyu an fito da gasa fili. Waziri Aku ya kara da wani aku mai suna Haziƙ na Sarkin Sirika, wannan ya kawo labari, wancan ya mayar masa da nasa, a gaban sarakuna da jama'a. Makaminsu ɗaya, wato magana, kuma jinsinsu ɗaya. Abin da wannan karawa ta haifar shi ne labaran da suka cika littafin, waɗanda mai karatu yake mora har yau. Yana da kyau a tuna cewa shi kansa rubutaccen ƙagaggen labarin Hausa ta hanyar gasa ya kafu, wato gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. A cikin waɗanda aka buga littattafansu akwai Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja da wansa Malam Bello Kagara mai Ganɗoki. Wa da ƙane sun shiga fage ɗaya, adabin Hausa ya ƙaru da littattafai biyu.

4.6 Kwatanci

Idan aka jera labaran za a ga sun yi tarayya a kan cewa babu wanda jigo ɗaya tak ya mamaye. A cikin kowane labarin abota akwai gasa a kwance, a cikin kowane labarin gasa kuma akwai wata dangantaka, ko ta jini ko ta mutunci. Inda suka bambanta ya fito ta fuskoki huɗu.

Fuska ta farko ita ce sani. A labarin 'ya'yan sarki da na aku biyu kowa ya san ana karawa. A sauran kuwa akwai wanda aka bari a duhu: ɓera, da sa, da giwa da dorina, da 'yar bora, da Musa. Hankaki ne kaɗai suka farga da wuri, su ne kuma suka tsira ba tare da hasara mai yawa ba.

Fuska ta biyu ita ce fage. Gasar da ta ƙare lafiya a ƙofar fada aka yi ta, gaban shaidu. Wadda ta ƙare da ɓarna kuwa a maɓoyar ajiya aka yi ta, ko a turke da dare, ko a tsakiyar ruwa, inda babu na uku da zai ce an yi daidai ko ba a yi ba.

Fuska ta uku ita ce abin da ake nema. A labaran da suka ɓaci, abinci ake nema ko hutu ko dukiya ko gadon sarauta, wato abin da idan wani ya samu wani ya rasa. A gasar fili kuwa suna ake nema da yabo, su kuwa ba sa ƙarewa don an yabi wani. Wannan ya sa mai tatsuniyar kuka ya iya barin tambayarsa ba amsa, amma mai labarin kyanwa dole ya kai ga ranar da aka buɗe ajiya.

Fuska ta huɗu ita ce aikin da magana ta yi. Kyanwa da jaki da Gizo da Waziri duk da baki suka yi aiki, haka ma aku biyu. Bambancin shi ne na farkon sun yi magana don su rufe abin da ke zuciyarsu, su kuwa aku biyu maganar ita ce abin da suka baje a faifai don a auna. Ko labaran da aku ya tsare Musa da su, dabara ce da aka yi don amfanin wanda aka yi wa, ba don amfanin mai yinta ba.

Ya kamata a faɗa cewa ba dukkan labaran abota na Hausa ne suke ƙarewa da cin amana ba. Akwai tatsuniyoyi da dama da dabba take rama alheri ga wanda ya cece ta. Sai dai ko a cikinsu sharaɗin bai sauya ba, domin mai alherin bai ɓoye wata manufa ba lokacin da ya yi shi.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an kwatanta jigon abota da na gasa a gajerun labarai shida da kuma uwar labarin Magana Jari Ce na ɗaya da na biyu. An fara da nuna cewa harshen Hausa da kansa yana kiran wanda ake jayayya da shi aboki. An ga cewa labaran ba su yabi abota don sunanta kawai ba, ba su kuma zargi gasa don ita gasa ce ba. Abin da suka hukunta shi ne takarar da aka ɓoye a cikin zumunci, abin da suka yarda da shi kuma shi ne karawar da aka yi a sarari tsakanin tsara, bisa ƙa'ida, a gaban shaidu. Don haka malamin da zai koyar da waɗannan labarai, bayan ya tambayi ɗalibai wane ne aboki wane ne abokin hamayya, yana da kyau ya ƙara tambayarsu wane ne a cikin taurarin ya san abin da ake ciki, wane ne kuma aka rufe. A babi na gaba za a dubi salon da masu labaran suka bi wajen isar da waɗannan jigogi, musamman amfani da karin magana da sanya dabbobi a matsayin mutane.